Farin Yadin da Mai Ɗinki Ta Ɓoye

Shehinmu, Allah Ya ƙara masa yarda, malami ne mai zurfin ilimi da tsantseni, ma'abocin zuhudu da tawali'u, wanda ba a taɓa jin ya ɗaga murya a kan mai tambaya ba, kuma karamominsa sun fi ƙarfin a tattara su a zama ɗaya.

Cikin ɗalibansa akwai wani kafinta, matarsa mai ɗinki ce, mace mai barkwanci da kekenta ba ya hutawa. Haihuwarta ta fari ɗan bai zo da rai ba. Da ta sake samun ciki ya kai wata shida, sai keken ya yi shiru, abinci ya daina shiga, gabanta ya riƙa faɗuwa, hawaye na zuba ba tare da an taɓa ta ba. Surukarta ta ce rashin godiya ne, wasu na nema ba su samu ba. Yayarta ta ce aljanu ne. Kowa gani yake nasiha ya yi, alhali nauyi ya ƙara mata.

Ita kuwa ta riga ta sakankance ba za ta tashi daga wannan haihuwa ba. Ta sayo farin yadi, ta auna shi daidai tsayinta, ta naɗe ta tura ƙarƙashin ragowar yaduka a akwatin keken, ba ta faɗa wa kowa ba. Kafinta, da ke gane ruɓaɓɓen katako da ƙwanƙwasa ɗaya, bai gane abin da ke cin matarsa ba.

Wata rana bayan karatun hantsi ya durƙusa gaban Shehi zai nemi addu'a. Kafin ya buɗe baki, Shehi ya ce, "Ba aljani ba ne, ba raunin imani ba ne. Ciwo ne, kuma yana da magani. Kai ta wurin likita yau, ka zauna kusa da ita, a daina yi mata faɗa. Sannan ka ce farin yadin nan na akwatin keke, ta yanka 'yar riga da shi."

Ya koma gida ya isar da saƙon, yana sosa ƙeya. "Wai wane yadi ne, uwargida?"

Ta dube shi, ta zaro yadin, ta fashe da kuka, ta faɗa masa komai. Shi ma ya yi kuka, wallahi. A ranar suka je asibiti, aka saurare ta, aka ɗora ta a kan magani. Sauƙi ya zo a hankali, har wata safiya maƙwabta suka sake jin ƙarar keke.

Na gani da idona ranar da ta kawo wa Shehi jaririyarta, sanye da farar riga. Ya yi murmushi ya ce, "Sauran yadin fa?"

Ta ce, "Allah gafarta Malam, na yanka mata rigar baɗi da ta baɗi waccan, tunda girma take yi."

Tsarki ya tabbata ga Mai sanar da bayinSa salihai abin da Ya so. Allah Ya ɗaukaka darajar Shehinmu, Ya sa mu cikin albarkarsa, Ya sauki masu ciki lafiya, amin.