Sakan Goma Sha Biyu

A sashen kula da fitilun ba da hannu na wani babban birni akwai wani injiniya da abokan aikinsa ke kira Angama, domin duk aikin da aka ba shi, kafin a juya ya ce an gama. Yana da kai, ba a musu. Matsalarsa son jiki. Ya tsani rana, ya tsani tsayuwa, kuma ya ƙware wajen cika takarda da abin da bai gani ba.

Da aka faɗaɗa titin tsakiyar gari don rage cunkoson motoci, sai aka kafa sabuwar fitila a mararrabar da ke tsakanin tashar bas da babban asibiti. Shugabar sashen ta kira Angama, ta ce ya je ya yi kwana uku a wurin, safe da rana da yamma, ya auna lokacin da mutane ke ɗauka kafin su tsallaka. Ta ja masa kunne kada ya manta da tsofaffi da masu ciki da marasa lafiya.

Sau ɗaya ya je. Ya ajiye mota a inuwa, ya tsallaka titin da sassarfa yana duban agogo, ya ga sakan goma sha biyu. Ya koma gida ya miƙe ƙafa, ya cika takardun kwana uku daga kan kujera. Haka aka saita fitilar. Direbobi suka yi ta sa albarka, don ba a tsayar da su da yawa.

A mako na biyar, wata mata da aka sallama daga asibiti tana tsakiyar titi fitila ta saki motoci. Mai babur ya kwashe ta, ƙugunta ya karye.

Shugabar ta tambayi Angama ko da gaske ya yi awon. Ya rantse ya yi. Ba ta yi masa gardama ba, ta ce ya biyo ta. A bakin mararrabar suka tarar da wani dattijo mai sanda, riƙe da katin asibiti.

"Kama hannun Baba ka tsallaka da shi," in ji ta.

Suka shiga titi. Ko rabi ba su kai ba fitila ta canza. Motoci suka taso, hon ta ko'ina, wata bas ta wuce har iskarta ta kaɗa rigar Angama. Ya yunƙura zai ruga.

"Tsaya cik, ɗana, kada ka gudu," in ji dattijon. "Duk ranar ganin likita haka nake yi. Wanda ya saita fitilar nan dai, ƙafarsa lafiya lau take."

Angama ya kasa ɗaga ido. Da suka dawo, tun kafin shugabar ta buɗe baki ya ce, "Ranki ya daɗe, ƙarya na yi. Sau ɗaya na zo."

Aka dakatar da shi wata uku, aka rage masa matsayi. Wata ma'aikaciya ta sake awon, aka mayar da lokacin sakan ashirin da takwas, kuma cunkoson da ake tsoro bai dawo ba. Angama ya je duba matar, ta karɓe shi ba yabo ba fallasa, ta ce ta yafe. Sai dai likita ya riga ya faɗa mata ba za ta ƙara tafiya ba tare da ɗingishi ba.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, titi ba na masu mota kaɗai ba ne, kuma ba a auna shi da ƙafar mai lafiya. Duk wanda aka damƙa wa aikin jama'a ya je ya gani da idonsa, ya tuna da mafi rauni a cikinsu, domin 'yar ƙaryar da aka rubuta cikin inuwa, a jikin wani take ƙarewa.