Man Ayun Abdulbaqi da Ƙafar Hajiya Sakinatu

Akwai wani direba a birnin Doha mai suna Abdulbaqi, mutumin Yawuri. Irin mutanen nan ne da ba a taɓa kawo zance su ce ba su sani ba. In kuwa maganar ruwa ake yi, to kowa ya ja bakinsa ya yi shiru, don cewa yake kakansa Basarke ne, wato masunci ɗan gado, shi kuma a cikin kwalekwale aka yanke masa cibi.

Injiniya Muhsin ne ya kawo shi Qatar, shi ne kuma kafil ɗinsa, wato mai ɗaukar nauyin zamansa a ƙasar. Babban aikinsa a lokacin shi ne kai mahaifiyar Injiniya, Hajiya Sakinatu, asibiti sau biyu a mako. Tana da ciwon suga, ga wani miki da ya fito mata a ƙafar hagu ya ƙi warkewa, shi ya sa ɗanta ya ɗauko ta daga gida. Likitoci sun ce in aka kiyaye wanki da magani, ƙafar za ta tsira, sai dai abin na son haƙuri.

Tsohuwar ta ɗauki Abdulbaqi kamar ita ta haife shi. "Ɗana" take ce masa, in an yi tuwo a gidan kuwa sai ta sa an ajiye masa nasa.

Wata Juma'a da safe, Abdulbaqi ya tafi kamun kifi can gaba da Wakra, shi da abokin ɗakinsa Sagiru, wanda yake gadi a wani kamfani. Tun kafin su ƙarasa bakin ruwa wani wari ya tare su, irin wanda yake shiga har maƙogwaro.

Wata dabba ce teku ya turo gaɓa. Ta kusa kai saniya girma, ga wutsiya irin ta kifi, ga wasu gajerun hannuwa. Ta kumbura ta yi suntum, fatar ta tsattsage, wani ruwa kore-kore yana tsiyaya cikin yashi. Ƙudaje sun rufe ta, tsutsotsi na ta kai da komowa a inda idanu suke a da.

Wani dattijo masunci, ɗan ƙasar, yana zaune daga nesa yana gyaran koma. Ya gaya musu cewa saniyar teku ce, ta yi kwana huɗu ko biyar da mutuwa, kuma ya riga ya kira ma'aikatan muhalli, za su zo su binne ta. Da ya ga yadda Sagiru ya ja da baya, sai ya yi dariya.

"Kada ka ji tsoro, ba Bu Darya ba ne," in ji dattijon.

Sagiru ya tambaye shi wane ne haka. Dattijon ya ce labari ne na iyayensu masu nutso neman lu'ulu'u. Wai wani dodo ne, rabinsa mutum rabinsa kifi. Yakan yi kuka da muryar mai neman ceto, duk wanda tausayi ya kama ya leƙa ruwa, ya tafi ke nan. Ya ce da shi ake hana yara zuwa bakin teku.

Shi Abdulbaqi da rabin kunne yake sauraro. Idonsa yana kan mushen.

Dattijon na tashi, Abdulbaqi ya kama hannun Sagiru. "Ka san mene ne wannan? Ayu ne. Wallahi ayu ne, irin na kogin garinmu. Ka san yadda mata ke neman man ayu a gida? Ga shi nan Allah ya kawo mana har inda muke."

"Mushe Allah ya kawo mana," in ji Sagiru, yana toshe hanci da riga. "Ruɓaɓɓen mushe. Yalla, mu bar nan."

Abdulbaqi ya zaro wuƙar gyaran kifi. Yana soka ta, cikin dabbar ya saki wata iska da ta sa Sagiru ya durƙusa ya yi amai. Shi kuwa gogan naka ya naɗe hannun riga, ya riƙa yanko kitse yana kakkaɓe tsutsa yana jefawa cikin kular da suka zo da ita.

Da suka koma masauki a Al Wukair, ya san in ya ɗora abin a wuta, warin zai tona masa asiri. Sai ya hau saman bene ya zuba kitsen a roba, ya bar wa ranar Doha aikin. Kwana uku yana narkewa, mai da ruwan ruɓa suna cakuɗuwa. Ya tace da tsohuwar singileti, ya zuba kanumfari da turare mai ƙarfi, ya ɗura a 'yan kwalabe.

Daga nan sai ya yi saƙon murya ya tura wa 'yan gida da ke Doha. Ku ji ƙarya tsagwaronta. Wai wani masunci amininsa ne ya kamo 'yar Bu Darya da ranta, sarauniyar duk wani ayu, aka yanka ta ana fuskantar alƙibla. Wai manta yana maganin sanyin ƙashi, da ciwon gwiwa, da miji mai taurin kai, da duk wani miki da ya gagari asibiti.

Kafin mako ya zagayo, wayarsa ba ta hutawa. Har suna aka sa masa, Sarkin Ruwa, shi kuma ya ƙara faɗin kafaɗa.

Sagiru ya yi masa faɗa har ya gaji. Amsar kullum ɗaya ce: "Kai Bakatsine, me ka sani game da ruwa? Ka tsaya a ƙofar da kake gadi."

Ranar wata Talata, suna dawowa daga asibiti za su koma gida a unguwar Abu Hamour, Hajiya Sakinatu ta yi gyaran murya daga kujerar baya.

"Ɗana, ashe kai ne mai man ayun da ake ta magana a wajen walima? Kana kallona wata huɗu ina fama da ƙafa, ka ɓoye min?"

Abdulbaqi ya kalle ta ta madubi. Ya san abin da ke cikin kwalaben nan, ya kuma san mikin nata a buɗe yake. Kalma ɗaya ce za ta raba gardama. Amma in ya ce mata mushe ne, gobe duk matan Doha sun ji, sarautar ruwa kuma ta ƙare.

"Hajiya, ai jira nake ki tambaya," ya ce. "Sai dai sharaɗinsa ɗaya. Kada likita ya sani, kada Injiniya ya sani. Abin ruwa ba ya son a tallata shi."

Ya buɗe aljihun mota ya miƙa mata kwalba. Ta karɓa da hannu biyu tana sa masa albarka.

Tsohuwa ta riƙa kwance bandeji a banɗaki tana shafawa safe da yamma. A kwana na uku ƙafar ta kumbura, fatar ta yi ja ta soma yin baƙi. A na huɗu zazzaɓi ya rufe ta, aka kwashe ta zuwa asibiti.

Likitar da ke duba ta, Dakta Haulat, 'yar gida ce, daga ƙasarmu. Tana buɗe mikin ta ɗago kai.

"Mama, an sa wani abu a nan. Don Allah ki gaya min mene ne."

Hajiya ta kau da kai. Ta yi alkawari, kuma ba ta son jefa yaron da take kira ɗanta cikin masifa. Sau uku likita tana tambaya, tana cewa ita ba ta sa komai ba.

Dakta Haulat ta fito waje inda Injiniya Muhsin yake tsaye, Abdulbaqi na gefensa riƙe da makullin mota. Ta ce sun fara ba ta magani, amma ciwon na gudu fiye da yadda ta saba gani, kuma sakamakon gwaji zai ɗauki kwanaki. In da wanda ya san abin da ya taɓa ƙafar, ya faɗa yanzu, don kowace ƙwayar cuta da nata maganin.

Abdulbaqi ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya ba ta lafiya."

Abin da ya iya faɗa ke nan. Mutumin da bakinsa ba ya rufuwa a majalisa, ranar da magana za ta ceci ƙafar tsohuwa sai ya zama kurma.

Da Abdulbaqi ya koma ɗaki da la'asar, Sagiru ya gan shi yana tattara kwalabe yana cusawa ƙarƙashin gado. Ya matsa masa da tambaya har ya faɗi abin da ya faru.

"Ka ba Hajiya? Hajiyar da kake cin tuwonta?"

"Ita ta roƙe ni."

"To tashi mu je ka gaya wa likita."

"In na faɗa, khalas, shi ke nan, an kore ni daga ƙasar. Ka bari, za ta warware. Man ayu haka yake, sai ya fito da ciwo waje kafin ya kashe shi."

Sagiru ya ce, "Har yanzu kana ce masa man ayu a gabana? Ni da na ga tsutsar da idona? Dodon da dattijon nan ya ba mu labari, ko shi ban ji an ce ya ci wanda yake ba shi abinci ba."

Duk da haka Sagiru bai tafi asibiti ba a ranar. Ya ce bari ya ba Abdulbaqi kwana ɗaya, ko kunya za ta kai shi da ƙafarsa. Wannan kwana ɗayan, har yau Sagiru bai yafe wa kansa shi ba.

Washegari da ya tashi daga aiki ya tarar babu abin da ya sauya, sai ya ɗauki kwalba ɗaya ya nufi asibiti. Ya nemi Dakta Haulat ya ajiye mata a kan tebur, ya gaya mata komai tun daga bakin teku. Ta buɗe murfin, ta yi saurin mayarwa.

Nan take aka sauya magani zuwa wanda ya dace da cutar da ake ɗaukowa daga teku. Ran Hajiya ya tsira. Ƙafar ce ba ta tsira ba, sai da aka yanke ta daga ƙasan gwiwa. Dakta Haulat ta gaya wa Injiniya cewa da sun ji wannan bayani ranar da aka kawo ta, da akwai kyakkyawan zaton ba za a kai ga haka ba.

Magana ta fasu. Matan da suka sayi man suka riƙa watsar da kwalabe suna wanke jiki da sabulu, wasu da ƙuraje, wasu da kunya kawai. Hukuma ta shigo ciki, don dabbar ma doka ta hana taɓa ta, balle sayar wa mutane mushenta da sunan magani. Aka ce Abdulbaqi ya tattara nasa ya nasa, zamansa a ƙasar ya ƙare.

Kafin ya tafi, Hajiya ta ce a kawo mata shi. Injiniya ya ƙi, ta nace.

Ya shigo ɗakin asibitin ya tsuguna a bakin gado. Bargon da aka lulluɓe ta da shi ya kwanta shafal a inda ƙafar hagu ya kamata ta kasance. Ya fara cewa sharrin shaiɗan ne, ta ɗaga masa hannu.

"Tambaya ɗaya zan yi maka. Ranar da ka miƙo min kwalbar nan, ka san abin da ke ciki?"

Ya ce, "Na sani, Hajiya."

"Ni kuma likita ta tambaye ni sau uku, na yi mata ƙarya don kada a taɓa ka." Ta numfasa. "Nawa laifin na gani, na bar magani na bi jita-jita, ga sakamakona. Naka kuma tsakaninka da Allah."

Ta sa aka miƙo mata wata leda daga gefen gado, ta ɗora masa a hannu. Ya buɗe. Takalminta ne na ƙafar hagu, wari ɗaya, sabo fil, irin mai laushin nan da ake yi wa masu ciwon suga.

"Muhsin ya saya min, ya ce ranar da na warke zan taka da shi zuwa Umara," in ji ta. "Tafi da shi Yawuri. In mahaifiyarka ta tambaye ka tsarabar da ka kawo daga Doha, ka nuna mata."

Ta juya fuskarta bango. Abdulbaqi ya fita riƙe da ledar, ya rasa inda zai ajiye ta.

Darasi: Dodon ruwa na tatsuniya bai taɓa yanke ƙafar kowa ba, amma ƙaryar mutum da shirunsa sun yanke. Kada ka sayar wa ɗan'uwanka abin da kai kanka kake ƙyama, in kuma ka yi kuskure, ka faɗa tun faɗar na da amfani. Kai kuma mara lafiya, kada ka ɓoye wa likitanka komai don kare wani. Ku tura wa iyayenmu da 'yan'uwanmu, musamman masu ciwon suga, ko Allah ya sa wata ƙafar ta tsira.