Kalmar da Mainasara Ya Ƙi Karantawa

Akwai wani mutum a zamanin Turawa, can wajen Bodinga, ana ce masa Mainasara. Ku gyara zama, 'yan uwa, don mutumin nan yana da wani hali da zai fara ba ku dariya kafin ya ba ku tausayi: ko kusa ba ya son jin kalmar "bawa". Ko a hanya ka ce masa, "Sannu, bawan Allah," sai ya tsuke fuska ya ce, "Ina da suna."

Ba a banza yake haka ba. A Horo Birni ya tashi, a gidan wani babban manomi mai suna Mijinyawa, kuma cikin bauta ya tashi. Aikinsa tun yana ƙarami shi ne, duk lokacin da maigida ya dawo daga gona ko kasuwa, ya durƙusa ya wanke masa ƙafa. Shekara da shekaru Mijinyawa bai taɓa kiransa da sunansa ba. Kullum "Kai, bawa!" ne.

Ranar da alƙali ya miƙa masa takardar 'yanci, Mainasara ya yi rantsuwa cewa gwiwarsa ba za ta ƙara taɓa ƙasa a gaban wannan mutumin ba.

Ya shiga duniya. A can kudu ya haɗu da 'yan mishan, ya zama Kirista, ya koyi karatun boko da wanke gyambo da ɗaure shi. Da aka buɗe wurin jinyar kutare kusa da hanyar Bodinga, sai aka dawo da shi ƙasarsu yana aiki a wurin, tare da matarsa Atika.

Ran Lahadi shi ke karanta Littafi Mai Tsarki ga 'yan tsirarun Kiristocin da ke taruwa a ƙarƙashin rumfa. To, a nan ne abin yake. Duk sanda ya iso wurin da Annabi Ishaya ya yi maganar wanda Allah ya kira "bawana", sai Mainasara ya yi gyaran murya, ya karanta "ma'aikacina", ya wuce abinsa kamar ba a yi komai ba.

Atika kuwa ta iya karatu ita ma, ga ta da tsokana. A hanyar gida sai ta ce, "Malam, Littafinka daban da nawa na? Ni dai ban ga ma'aikaci ba."

"Bar ni, Atika," in ji shi. "Ba ki san kalmar ba. Ni a jikina na san ta."

Wata rana da hantsi, bayan an gama yankan gero, aka kawo wani tsoho a kan jaki. Kuturta ta cinye masa yatsun hannu, idanunsa sun dushe, ƙafarsa ta dama kuma ta yi wani mugun gyambo da tun daga nesa kake jin warinsa. 'Ya'yansa maza duk sun noƙe, jikarsa Dije ce kaɗai ta bar gidan mijinta ta jawo jakin.

Mainasara na ɗaga kai ya gane shi. Mijinyawa ne.

Ga shi Baturiyar da ke lura da wurin ta yi tafiya, sai bayan mako uku za ta dawo. A duk wurin babu wanda ya iya irin wannan gyambo sai Mainasara, kuma ya fi kowa sanin cewa in aka bar ƙafar nan mako guda, to sai dai a yanke, in ma ba ta tafi da mai ita ba.

Kwana biyu yana kewaye bukkar tsohon. Ya duba bukkar gabas, ya duba ta yamma, ya tsallake ta tsakiya. Dije ba ta san tarihin ba, don ba a haife ta ba lokacin da ya bar gidan. Ta tare shi a bakin rijiya tana hawaye.

"Malam, don Allah mi munka yi maka? Kowa ka duba sai kakana."

Ya kau da kai, ya yi gaba. Wallahi abin ya dame shi, amma in ya tuna da "Kai, bawa!" sai zuciyarsa ta ƙara bushewa.

A rana ta uku ya koma gida cin abincin rana, ya zauna ya tasa tuwo a gaba ya kasa ci. Atika tana tankaɗe, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Na ji wa anka kawo."

"To kin ji. Na yi rantsuwa, Atika. In na durƙusa gabanai, takardar alƙali ta zama banza."

"Takardar tana nan cikin adaka, ba wanda ya taɓa ta," in ji ta. Ta aje rariya. "Amma ka gaya mini, wanda kake tsallake sunansa ran Lahadi, wa ya kama shi? Wa ya sa mai igiya? Annabi ya ce an rena shi, mutane sun kau da kai daga ganinsa, cututtukanmu kuma shi ya ɗauka. Yesu da kansa ya tuɓe riga, ya ɗaura zane, ya wanke ƙafafun almajiransa, har da wanda zai bashe shi. Ba wanda ya tilasta mai. Kai kama ka anka yi, shi kuwa da ƙafarsa ya zo."

Mainasara ya ce, "Bakinki ya yi yawa."

"Na sani. Ci tuwonka ka tashi."

Bai ci ba. Ya ɗauki buta da magani da tsumma mai tsabta ya nufi bukkar. A ransa ya shirya dabara: tunda tsohon ba ya gani sosai, zai yi aikinsa shiru, ba zai furta ko kalma ɗaya ba, ya fita ba a san shi ne ba.

Ya shiga, ya durƙusa. Gwiwar ta taɓa ƙasa, kuma sama ba ta faɗo ba.

Sai dai hannu ba ya manta abin da ya saba. Kafin ya zuba ruwa, ya ƙwanƙwasa gindin butar a ƙasa sau biyu, ya tsiyayar da ruwan farko a gefe. Wannan dokar gidan Mijinyawa ce, tun ranar da kunama ta taɓa fitowa daga bakin buta ta harbi maigida, aka yi wa Mainasara dukan da bai manta ba. Shi kansa bai san ya yi ba.

Tsohon ya ɗago kai a hankali.

"Wa ya koya maka bugun buta sau biyu?"

Mainasara ya kai hannu ga ƙafar.

"Kai na?" in ji tsohon. Ya yi ƙoƙarin janye ƙafar. "Ka zo ka ga ƙarshena ko? To duba da kyau."

"Miƙo ƙafar, Baba," in ji Mainasara.

"Alƙali ya 'yanta ka. Mi ya maido ka ga wanga aiki?"

Mainasara ya riƙe diddigen, ya fara wankewa. Ya ce, "Da can sa ni kake yi. Yau ni na zo. Ina da Ubangida yanzu, kuma shi ma wannan aikin ya yi."

Dije na tsaye a bakin ƙofa, ta rufe baki da gefen mayafi.

Haka ya yi ta zuwa safe da yamma. Bai taɓa tayar da tsohuwar magana ba. Da ya lura tsohon na fama wajen alwala, sai ya riƙa ajiye masa ruwa daidai inda hannunsa zai kai, ya nuna wa Dije yadda za ta kare ɗaurin kada ya jiƙe, ya kuma juya masa tabarma ta fuskanci gabas. Mijinyawa kuwa, wani lokaci sai hawaye ya gangaro cikin gemunsa.

Da Baturiyar ta dawo ta duba ƙafar, ta ce ba sai an yanke ba.

Ranar da aka kwance ɗauri na ƙarshe, Mainasara ya gama, ya juya zai ɗauki buta ya wanke hannunsa. Sai ya tarar buta ba ta wurin. Tsohon ya rungume ta da dungulmin hannuwansa biyu, tana ta karkarwa. Da ƙyar ya ƙwanƙwasa ta a ƙasa sau biyu, ya tsiyayar da ruwan farko a gefe.

"Miƙo hannunka, Malam Mainasara," in ji shi.

Jama'a, ƙato guda mai shekara arba'in da ɗoriya, sai ga shi yana kuka kamar yaro. Rabin ruwan a ƙasa ya zube, amma ya miƙa hannuwan, Mijinyawa ya zuba masa har butar ta ƙare.

Lahadin da ta biyo, ya tsaya a ƙarƙashin rumfa ya buɗe Littafin. Da ya iso wurin bai yi gyaran murya ba. Ya karanta "bawana" yadda aka rubuta ta, har ya maimaita. Atika na daga baya, ta sunkuyar da kai tana murmushi.

Darasi: Hidimar da aka tilasta maka ƙasƙanci ce, amma wadda ka ɗauka da kanka saboda Allah ba ta rage maka komai, ko da wanda ya zalunce ka kake yi wa. Mainasara ya karɓi takardar 'yanci a gaban alƙali, amma sai ranar da ya durƙusa da son ransa ya rabu da bautar da ke cikin zuciyarsa. In akwai bukkar da kake kewayewa saboda tsohon ciwo, shiga tun ƙafar ba ta lalace ba. Ku tura wa 'yan uwa wannan labari, wataƙila akwai mai buƙatar jin sa yau.