Manomin da Ya Ajiye Allurarsa a Rumbu

'Yan'uwa cikin Ubangiji, waɗanda suka zo gaishe ni a gida sun ga ƙafata a naɗe. An yi mini aikin jijiya, aka sallamo ni da allurar da zan riƙa yi wa kaina kowace safiya. Ni ban yi karatu mai nisa ba, a firamare na tsaya. Amma wata safiya ina riƙe da allurar nan, sai wannan misali ya zo mini a zuciya.

A wani ƙauye an yi wani manomi wanda ba wanda ya kai shi adana iri. Da kaka, kafin kowa a gidansa ya ɗanɗani sabuwar dawa, sai ya zaɓi zangarniyoyin da suka fi kyau, ya ɗaure, ya rataye su a cikin rumbu. Ko a shekarar yunwa ba ya taɓa su. Maƙwabtan da suka cinye nasu irin, wurinsa suke zuwa in ruwan shuka ya sauka, shi kuwa ba ya hana kowa.

Ana nan sai jijiyoyin ƙafarsa suka kumbura, suka murɗe kamar igiya. Matarsa ta raka shi asibitin birni, aka yi masa aiki. Ranar sallama nas ta kawo masa kwali cike da allurai.

Ta ce, "Baba, bayan aiki irin wannan jini yakan so ya daskare a cikin jijiya. In gudan ya ɓalle ya hau huhu, yana iya kashe mutum yana zaune. Wannan allura ita ke tsinka jinin. Kowace safiya ɗaya, a fatar ciki, har kwalin ya ƙare. In kuma ƙafar ta kumbura ko ta yi zafi, ka dawo ba tare da jira ba."

Manomi ya ce, "'Yata, garinmu babu asibiti. Wa zai riƙa yi mini?"

"Kai za ka yi wa kanka."

Ya dubi allurar, ya dubi cikinsa. Ya ce, "Na yi wa awaki, na yi wa tumaki. Amma su akwai mai riƙe su."

Matarsa ta ce, "Ai ga ni, Maigida. Ƙafa zan danne ko wuya?"

Nas ta yi dariya, ta nuna masa yadda zai kama fata da yatsu biyu nesa da cibiya, yau dama, gobe hagu, kuma kada ya murza wurin.

Safiyar farko manomi ya kife turmi ya zauna, ya ɗaga riga, ya kama fata. Ya kawo allura kusa, ya mayar. Ya sāke kawowa, ya mayar. Har kunun da aka ajiye masa ya huce. Daga bisani ya runtse ido ɗaya ya soka. Da ya zare sai ya ce, "Ashe cinnaka ya fi ta mugunta." Kafin a jima hannunsa ya saba. Cikinsa ya yi ɗigo-ɗigo baƙi, matarsa tana kiransa zabonta.

Ƙafa ta yi sauƙi, har yana takawa zuwa bakin gona. Wata rana ya leƙa kwali, ya ga saura rabi. Ya ce a ransa, "Mai hankali ba ya ƙarar da abu ƙarƙaf. Yanzu ba inda ke mini ciwo. In damina ta yi nisa rafi ya cika, ƙafar nan ta tashi, ina zan sami wata?" Sai ya naɗe sauran a tsumma, ya shiga rumbu, ya rataye su tare da irin dawa. Kowace safiya yakan zaga bayan ɗaki, ya ɗan daɗe, ya fito yana yamutsa fuska kamar wanda ya sha allura.

Bayan 'yan kwanaki matar ta shiga rumbu ɗiban hatsin tuwo, kanta ya bugi ƙunshin tsumma. Ta kwance, ta gani. Ta fito ta tarar da shi a gindin bishiya, ya miƙe ƙafa a kan kujera.

Ta ce, "Maigida, wannan irin naka da ruwan fari ake shuka shi, ko sai ƙasa ta jiƙa sosai?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Saboda ranar buƙata na ajiye."

Ta lura da yadda yake kāre ƙafar da hannu. Ta durƙusa ta ɗaga ƙafar wandonsa. Sharaɓarsa ta kumbura, ta yi zafi kamar tukunyar da aka sauke yanzu. Nan wasa ya ƙare mata.

Ya ce, "Miƙo su. Sai in haɗa uku in yi yanzu, in rama na baya."

"Ba abin da za ka rama. Nas ta ce in ta kumbura a koma. Sa hularka."

Ta ruga gidan wani maƙwabci mai motar ɗaukar kaya, wanda ya sha karɓar iri a hannun mijinta. Mutumin ya bar abincinsa ya ta da mota.

A asibiti aka duba ƙafar, aka ga jini ya fara yin guda, amma Allah ya sa bai ɓalle ba tukuna. Aka riƙe shi har ƙafar ta saɓe. Likita ya ce masa, "Baba, wannan ba dawa ba ce. Allurar Talata ranar Talata take aiki." Alluran da suka sha zafin rumbu aka zubar da su, aka haɗo shi da sababbin kwalaye da suka fi na farko yawa.

A hanyar gida matar ta dubi kwalayen a kan cinyarsa, ta ce, "Kai, Maigida, irin nan naka ya yi yabanya."

Daga ranar, a tsakar gida yake kife turminsa, a gaban idonta, har allura ta ƙarshe. Dawa kuwa ya ci gaba da ajiye irinta kamar kullum, gama a nan bai yi kuskure ba.

To, ga abin da misalin nan yake koya mana. Akwai abin da Allah ya ba mu don ajiya, akwai kuma wanda ya ba mu don yau kaɗai. Manomin nan mu ne. Jinin da yake daskarewa a ɓoye shi ne fushi da gaba da suke taruwa a zuciya, ba a ganinsu sai sun kumbura. Allurar ita ce addu'ar safe, da "yi haƙuri," da "na gafarta maka," da "na gode." Tana da ɗan zafi, musamman "yi haƙuri." Kuma fasto ba zai bi gida gida yana yi mana ita ba, kowa da hannunsa zai yi. Mu kuwa da zarar mun ji gida lafiya sai mu naɗe sauran, mu ce sai ranar Kirsimeti, sai an yi rashin lafiya, sai wance ta fara gaishe ni. Mu zo sujada muna yamutsa fuska kamar mun yi, alhali tana can rataye a rumbu.

Marigayi maigidana, Baban Salama, mutum ne mai saurin fushi, kun san shi. Amma ba ya fita gona da magana a cikinsa. In mun saɓa, zai tsaya a bakin ƙofa da fartanya a kafaɗa, yana tari, yana gyara hula, kamar manomin nan da allurarsa. Can sai ya ce, "Maman Salama, na jiya dai, a yi haƙuri." Safiyar da Ubangiji ya kira shi ma sai da ya tsaya ya gode mini saboda ɗumamen tuwo, wanda ni na san ya ƙone. Daga gona bai dawo da ƙafarsa ba, ɗauko shi aka yi. Na yi kuka, har yanzu nakan yi. Amma da na bincika tsakanina da shi, ban sami ko ƙunshi ɗaya da ya rataye ba. Duk ya ba ni tun yana nan.

Saboda haka in akwai wanda kuka naɗe wa magana a tsumma, ku je ku sauko da ita kafin ku ci abincin rana. Ni ma tawa allurar ta gobe tana kan tebur kusa da kofin kunu. Turmin Baban Salama nake kifewa in zauna.