Farar Kanwar Bayan Shinge

Ku ajiye abin da ke hannunku ku ba ni kunnuwanku. Labarin nan ba na dariya ba ne, kuma in na kai ƙarshensa ba ni zan yanke hukunci ba, ku ne.

A wata ƙasa an yi wani gari a bakin kogi, ana kiransa Kafin Marke. Mutanensa manoma ne da masunta, ba su da arzikin a zo a gani, amma ba sa kwana da yunwa. Wata shekara sai ga manyan mutane da motoci, suka tara gari a gindin marken ƙofar masallaci, suka ce za a gina tashar wutar lantarki ta nukiliya a gabashin gari, wadda za ta haska ƙasa baki ɗaya. Tsofaffi suka tambaya, shin ba abin nan ba ne da ake ji a rediyo yana sa ciwon daji, yana lalata ruwa da ƙasa har kan jikoki? Kakakin tashar, wani mai yawan fara'a da farin gilashi, ya yi dariya ya ce murhun da matansu ke girki a kai ya fi tashar nan haɗari. Ruwan sha fa? Ya ce ba komai. Kifi fa? Ba komai. Masu ciki fa? Ba komai. Tun daga ranar sunansa na yanka ya ɓace, yaro da babba Ba-Komai suke ce masa.

Aka gina tasha. Aka ja shingen waya daga tudu har bakin ruwa, aka datse hanyar da kakanninsu suka bi zuwa mashaya, wadda kuma ita ce fataken kanwa ke bi da jakunansu. Manyan wayoyin wuta suka ratsa ta saman gari suka wuce birni, Kafin Marke kuwa ko ƙwan fitila ɗaya ba a kunna mata ba. A jikin shingen aka rataya alluna ruwan ɗorawa masu wani baƙin zane, da rubutu cikin harshen waɗanda suka kawo aikin. Ba Hausa, ba ajami. Mutanen da iliminsu ya kai su tsare wuta a tukunyar ƙarfe, sun kasa rubuta "kada a taɓa" da harshen maƙwabtansu. Allah dai Yana gani.

To, a garin akwai wasu 'yan'uwa huɗu, uwa ɗaya uba ɗaya. Babbansu Shekarau, mutum mai sanyi, ya samu aikin shara a cikin tashar, kuma da aikin nan yake riƙe da gidan gaba ɗaya tun rasuwar mahaifinsu. Mai bi masa Marka, ungozoma ce, rabin yaran garin a hannunta suka faɗo, ga ta kuma da nata goyon a baya. Sai Nomau, masunci, wanda zuciyarsa ke kusa, tun ranar taron farko bai yarda da tashar ba. Autarsu Barira, shekara tara da aure ba ta taɓa ko ɓatan wata ba, sai a wannan shekara Allah Ya dube ta. Da cikin ya tsufa ta dawo gida haihuwa kamar yadda aka saba a ta fari, mijinta yana can ci-rani. Ta sauka lafiya, ta samu 'ya mace, aka raɗa mata Rahanatu.

Kafin haka abubuwa biyu sun faru. Nomau ya gaji da zagayen rabin yini kafin ya kai ga jirginsa, ran nan da hantsi ya ɗauki almakashin maƙera ya yanke shingen, ya buɗe kafa daidai wucewar mutum, yana cewa kogin nan ubansa ya bar masa, ba wanda ya isa ya sa masa ƙofa. Masu tashar sun ga kafar, ba su gyara ba. A can ciki kuma wani bututu ya tsage, guba irin wadda ba ta da launi ba ta da wari ta malala cikin wani kududdufi da ke bayan shingen. Shekarau yana riƙe da tsintsiya ranar da ƙararrawa ta yi ta kuka. Aka jera su aka sa kowa ya dangwala yatsa a takarda, aka ce duk wanda ya buɗe baki ya bar aiki, kuma gidan yari na jiransa. Ya dawo gida abin da ya iya faɗa kawai shi ne a hana yara zuwa wajen shinge. Bai faɗi dalili ba.

Rani ya yi, kududdufin ya janye, ya bar wani farin ɓawo a gefensa kamar an barbaɗa gari. Awaki suka fara bin kafar Nomau suna lasa. Kun san mai jego ba ta rabuwa da kunun kanwa safe da yamma har ta yi arba'in, ga shi tun da aka datse hanyar fatake kanwa ta yi wuyar samu. Marka ta bi awakinta, ta ga farin abin nan, ta dangwala a harshe ta ji yana da kaifin kanwa. Ta yi hamdala, ta ce Mai rahama ne Ya buɗe wa talakawa taskarSa. Ta kankaro ƙwarya guda. Masu jego huɗu ta raba wa, amma kason Barira ya fi na kowa, don ita ce auta, kuma ita ta fi daɗewa tana jira. Namiji ba ya tambayar abin da aka sa a kunun jego, ungozoma kuma ba ta tallan inda take samo kayanta. Haka sani ya zauna a zaure, kanwa ta zauna a cikin gida, bango ɗaya tsakaninsu, ba su haɗu ba.

Kwana goma sha biyar da haihuwa Barira ta fara amai. Bakinta ya yi gyambo, dasashinta yana zubar jini. Ranar da aka zo yi mata kitso, gashin ya riƙa biyo matsefi dunƙule-dunƙule, mai kitson ta ajiye ta fita tana salati. Aka kai ta ɗakin shan maganin tashar, suka ce zazzaɓin jego ne, suka ba ta ƙwayoyi, suka ce ba komai. Tsofaffin mata kuwa suka ce wanka ne bai ratsa ta ba, a ƙara mata kanwa. Aka ƙara. Jaririya ita ma ta fara ƙin nono tana ramewa.

Marka ce ta fara farga. Ta zauna ta lissafa masu jegonta da yatsu: huɗun da suka sha sabuwar kanwa duk suna kwance, biyun da ke da ragowar tsohuwa suna nan garau, awakinta uku kuma sun mutu a jere. Ba wanda ya san inda ta samo, da ta yi shiru ta zubar da ragowar, da asirinta ya rufu har kabari. Sai ta yafa mayafi ta tsaya a ƙofar masallaci ana fitowa daga Juma'a, ta ce wa gari, "Ni na kankaro ta a bayan shinge, ni na dama, ni na ba su. Duk mai ita a gida ya fito da ita." Ta bi gida-gida ta tattara a tulu ta liƙe bakinsa. Ta cire Rahanatu daga ƙirjin uwarta ta sa a nata, ta haɗa ta da ɗanta tana shayar da su biyu, ita da ba ƙoshi take yi ba. Gari ya juya mata baya, har masu kiranta mayya, aka daina aiko mata in naƙuda ta tashi. Ba don ita ba da an ci gaba da ɗura wa Barira ajalinta da ludayi, da jaririyar ba ta ga arba'in ba.

Shekarau na jin an ambaci bayan shinge ya gane kududdufin nan ne da gubar ta malala a ciki. A tashar akwai wata 'yar na'ura kamar ƙaramin rediyo, in ta kusanci gubar sai ta kama ƙara, ma'aikata suna ce mata Gyare. Washegari da rana tsaka ya sa Gyare a aljihu ya ratsa masu gadi, ya san sarai ba zai sake shiga ƙofar nan da ƙafarsa ba. A gaban mai gari da liman da shi Ba-Komai ya ɗora shi a bakin tulun Marka, Gyare ya tsage da kuka kamar ana yanka shi. Shekarau ya faɗi ranar da bututu ya tsage, ya faɗi sunan gubar yadda ya ji injiniyoyi suna faɗa, malamin makaranta ya rubuta a takarda. Kafin la'asar an tafi da shi, wata bakwai ya yi a tsare, 'ya'yansa suna cin abin da maƙwabta suka tsakuro. Ba don shi ba da har yau ana cewa zazzaɓin jego ne, kuma da likitoci ba su san abin da za su yi wa magani ba.

Da magana ta fasu, sai masu tashar suka rufe hanyar mota ɗaya tilo da ke fita garin, wai ana gyaran gada. Ku ji fa, mata huɗu a kwance, su sunansu suke karewa. Nomau bai tsaya roƙon kowa ba. Ya shimfiɗa tabarma a jirginsa, ya kwantar da Barira, ya yi mata rumfa da zane, ya ɗaure takardar nan mai sunan gubar a ƙugu, ya sa 'yar kanwar a gwangwani. Kwana biyu yana tuƙi, ya ratsa gurbin dorina da ko sarkin ruwa ba ya bi, tafin hannunsa ya saluɓe. Dab da birni jirgin ya daki dutse ya dare, jirgin da shi ne gadonsa da abincinsa. Ya goya ta a baya ya ƙarasa babban asibiti a ƙafa. Da aka ce jininta ya ƙare ya miƙa hannu aka ɗibi nasa har sau uku, kuma bai bar ƙofar likitoci ba sai da suka biyo shi Kafin Marke don sauran matan. Biyu sun tashi. Ɗaya, matar wanzamin gari, an riga an binne ta, Allah Ya ji ƙanta. Ba don Nomau ba da Barira tana kusa da ita a maƙabarta.

Barira ta rayu, sai dai likitoci sun ce har iyakar ranta za a riƙa duba ta, ita da 'yarta, don irin wannan guba tana da dogon haƙuri. Aka zo bincike daga birni. Ba a rufe tashar ba. Ba-Komai aka sauya masa wurin aiki da ƙarin girma. Aka ɗinke shinge, aka rataya sababbin alluna da Hausa da ajami, bayan an sa mace a rami. Abu ɗaya gari ya ƙwata da kyar: za a ba su Gyare guda, a hannun mutum ɗaya nasu, wanda zai shiga tashar duk sa'ad da ya ga dama, ya auna ruwa da ƙasa da kifi, in ya ce akwai matsala dole a saurare shi. Dattawa suka ce wadda ta ɗanɗana ɗacin ita za ta zaɓa, suka kawo wa Barira Gyare har ɗaki. Ta ce ba za ta wuce 'yan'uwanta uku ba, a kira su.

Shekarau ya ce shi ya san lungu da saƙon tashar, ya san inda suke ɓoye abu, kuma shi ya sha ɗauri. Nomau ya dube shi ya ce, "Yaya, kai da aka saya da tsintsiya? Sati nawa kana cin tuwo da maganar nan a cikinka?"

Shekarau ya ce, "Na yi shiru, ban musa ba. Amma wa ya buɗe wa awaki ƙofa? In an ba ka Gyare, ranar da ranka ya ɓaci da shi za ka jefi injiniya."

Marka ta gyara goyon Rahanatu ta ce su biyun duk maza ne, abin da ke shiga tukunya da bakin jariri ba su san shi ba, kuma ta tukunya gubar ta shigo gari. Nomau ya ce, "Yaya Marka, ai mun ga aikin tukunyarki." Ta ce, "Ka gani. Ka kuma ga wadda ta tsaya gaban masallaci ba a tambaye ta ba."

A cikinsu kowa ya san hannunsa na cikin ciwon, hannunsa na cikin maganin. Barira tana zaune da ɗankwali a kan da gashi bai gama tsirowa ba, Gyare a cinyarta. A bayan ɗakin ga randar da gidan ke sha, an ciko ta daga kogin nan da safe, ba wanda ya san ko lafiyayye ne sai an auna.

Ga wanda ya san cikin tashar, amma ya taɓa yin shiru don tsoro. Ga wadda ba ta ɓoye gaskiya ko a kanta, amma ta taɓa ba mutane abin da ba ta bincika ba. Ga wanda ba ya tsoron kowa, amma fushinsa ne ya buɗe kafar. To, ruwan da 'ya'yanku za su sha ne a randar nan: wa Barira za ta miƙa wa Gyare?