Takardar da Aka Mayar Cikin Kwano

Ranar Asabar, tara ga watan jiya, aka fara wannan zalunci a zauren ƙungiyar teloli. Shugabansu, wanda ake wa laƙabi da Na-Sani, ba macuci ba ne, amma ba ya jin gyara. An ba ƙungiya kyautar kekunan ɗinki uku, mabuƙata kuwa goma, sai aka ce a yi ƙuri'a.

Na-Sani ya nannaɗe takardun sunaye ya zuba a kwano, ya zaro na farko: Dogo mai ɗinkin kwat. Maimakon ya ajiye takardar gefe, sai ya mayar da ita. Tsohon malamin lissafi da aka gayyato shaida ya ce, "Shugaba, wanda ya samu ai ya fita."

"Malam, nan ba aji ba ne. Da goma muka fara, da goma za mu gama."

Na biyu ya faɗa kan mai ɗinkin labule. Na uku, Dogo kuma. Zaure ya kaure da surutu, aka ce haɗin baki ne. Dogo ya mayar da keke ɗaya, duk da haka mutane suka kwashe yadinsu daga shagonsa.

Abin ya tsaya wa Malam a rai. Sa'a ce ko maguɗi? Ya juye gwangwanin maɓallan matarsa, ya ware goma masu launi daban-daban, ya zuba a kwano, yana zaro ɗaya-ɗaya har sau uku kamar yadda aka yi a ƙuri'ar. Matar ta ce tsufa ya mayar da shi yaro, amma ita ta riƙe masa kwanon har yamma. Suka ga in ana mayarwa, kusan sau uku cikin goma sai wani maɓalli ya maimaita kansa. In ba a mayarwa, goma su koma tara, tara su koma takwas, babu mai fitowa sau biyu.

Malam ya nuna wa taron teloli haka da maɓallan. Na-Sani ya ce ƙaddara ce, ya ƙi karɓar laifi. Nan take suka tuɓe shi daga shugabanci. Shagon Dogo kuwa har yau shiru.

Mai karatu, abin da ka zaro ka mayar, kai ka ba shi hanyar dawowa, kada ka ɗora wa ƙaddara ko bawan Allah. Girman kai rawanin tsiya ne. A gaban jama'a aka zubar da mutuncin Dogo, don haka a gaban jama'a ya kamata Na-Sani ya tsaya ya ba shi haƙuri.