Ungozoma Tambai da Ganuwar Sarki

An yi wani sarki mai suna Jatau, wanda tsoron mahara ya hana shi sukuni, har ya tura mazan talakawa tsaron iyaka, ya kuma yi umarni kowane gida ya ba da mutum ɗaya kullum don ɗaukar ƙasar ginin ganuwa. Ana shekara ta uku da fara aikin, labari ya iso fada cewa jariran Unguwar Masaƙa suna zuwa duniya ƙanana, da yawa ba sa kai ranar suna, waɗanda suka rayu kuwa sai su shekara biyu ba su taka ba. Jama'a suka ce maita ce, suka nuna tsohuwar ungozomar unguwar, Tambai.

Da dogarai suka gurfanar da ita gaban sarki, ta riga ta san mayya a ƙasar nan kogi ake jefa ta.

Sarki ya ce, "Baiwar Allah, tambaya ɗaya zan yi miki, ranki kuma yana cikin amsarta. Don me 'ya'yan fada ke rayuwa, waɗanda suka faɗo hannunki suke mutuwa?"

Tambai ta san amsar, amsar kuwa ta fi hukuncin ba ta tsoro, gama ba ta faɗuwa sai an taɓa mai tambayar. Duk da haka ta ce, "Allah ya ba ka nasara, shekaranjiya a gindin ganuwarka na karɓi haihuwar wata mata Kuluwa, kwandon laka yana gefenta, tun safe ba abin da ya shiga cikinta sai koko. Ɗan da ke ciki, abin da uwarsa ta ci shi yake ci, nauyin da ta ɗauka da shi aka ɗauka. In an yi suna ta koma aiki, nono ya ƙafe, yaro ya wuni kwance babu mai yi masa wasa ko magana. Ban ci ɗan kowa ba, ranka ya daɗe. A gajiye suke iso ni."

Tambai ta ji takun sarkin dogarai a bayanta, ta rufe ido tana kalmar shahada.

Can sarki ya ce, "Waziri, haka ne?"

Waziri ya dubi ƙasa ya ce, "Zaki, mun ga ganuwa tana tashi, ba mu tambayi masu ɗauko ƙasar ba."

Sarki ya share zufa daga goshinsa. Nan take ya ɗauke wa mai ciki da mai goyo aikin har yaye, ya sa a riƙa kai musu gero, wake da madara daga rumbun fada, ya ba Tambai gida da saniya, ya ɗora ta bisa ungozomomin ƙasar.

Adalcin mai mulki ba ya cika sai ya kai ga talakan da ba a haifa ba tukuna.